A Gidan Gaiya Ba a Yin Dole

A shekarar da soja suka canja launin kuɗi Malam Irimiya ya bar koyar da Turanci, ya koma gidansa mai ɗaki biyu a unguwar Fadikpe ta Minna, shi da littattafansa da wani tabarau mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da zare. A duniya wuri guda ne kawai ya rage masa da yake so, wato gindin wata ɗorawa a gonar gidansu da ke ƙauyen Garatu. Nan ya binne matarsa Rifkatu, ya kuma bar fili a gefenta daidai tsawonsa. Har kwanciya ya taɓa yi a filin ya gwada, ya ga ya yi masa cif, ya tashi ya kaɗe rigarsa.

Gonar tana hannun wansa Yona, babban ɗan marigayi Gaiya, manomin doya wanda bai taɓa zama a aji ba kuma bai taɓa jin ya yi asara ba. Bayan gonar akwai wani baƙin dutse. Tun kaka da kakanni ba ya amfanar kowa sai birai da mata masu shanya rogo. Amma da Minna ta zama babban birnin jiha, sai kowa ya tashi gini, tituna suna neman tsakuwa kamar yadda wuta ke neman itace. Dutsen nan ya wayi gari yana da masoya.

Babban masoyinsa shi ne Mista Kolo, ɗan kwangila mai tifa-tifa da abokai masu kaki. Ya zo neman gonar da dutsen, da gaisuwa da buhun gishiri, Yona ya karɓi gaisuwar ya mayar da gishirin. Ya sake zuwa, aka sake yi masa rakiya har bakin hanya. Daga nan bai ƙara zuwa ba. Wata Landirofa ce ta zo da hantsi, ta ɗauke Gimba, babban ɗan Yona, magidanci mai 'ya'ya, wai ya saci man gas a wurin aikin hanya. Uwarsa Alisabatu ta zaga Minna har takalminta ya tsinke, duk ƙofar da ta buga sai a ce ba su san da zancen ba.

Sai da hankalin gidan ya gama tashi sannan Kolo ya dawo, fuskarsa cike da jimami. Ya ce ya ji abin da ya faru, kuma ya san mutane. Amma da wane baki zai je roƙo a kan ɗan wanda ba su haɗa komai ba? Da dai a ce maƙwabta ne, da sauƙi. Yona ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya miƙa babban yatsansa aka shafa masa tawada, ya dangwala a takardar ba da gonar. Kashegari Gimba ya dawo gida yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Har yau bai gaya wa kowa inda ya kwana ba.

Irimiya ya kai maganar wurin Lauya Mudi, wani matashi da ke da ofis a saman shagon kayan keke kusa da tashar jirgin ƙasa, inda kakansa ya yi aikin reluwe. Mudi ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Malam, wannan ai mai sauƙi ce. A doka sunanta duress. Abin da aka sa mutum ya yi da tsoro, kamar bai yi ba ne. Amma fa sai wan naka ya tsaya gaban alƙali ya faɗa da bakinsa cewa dole aka yi masa. Gimba ya ƙi magana, masu kakin kuma ba su da suna. Bakin Baba kaɗai muke da shi."

Irimiya ya yi wata dariya marar daɗi. Shekarunsa nawa yana rubuta irin waɗannan kalmomi a allo! Bature ya san dole kamar yadda mahauci ya san nama, kowace tsoka da sunanta. Wadda ake yi da bulala daban, coerce, ita ce a saka maka wuƙa a wuya. Akwai compel, wadda doka ke yi tana sanye da kwat. Akwai oblige, mai ladabi, wadda za ta ba ka kujera ka zauna kafin ta karɓe abin hannunka. Ya taɓa gaya wa ɗalibansa cewa ba a tara wa abu sunaye haka sai an daɗe ana sana'arsa. Ba su gane ba, sun dai kwafa.

"Me ya ba ka dariya, Malam?" in ji Mudi.

"Ba ka san gidanmu ba ne, ɗana."

Ya sami Yona a gona yana kafa wa doya sanduna. Alisabatu tana gindin ɗorawa tana ɓarar gyaɗa, nesa kaɗan da kabarin Rifkatu. Da yaren gida suka yi maganar.

"Yaya, kalma ɗaya ce. In alƙali ya tambaye ka, ka ce tilasta maka aka yi."

Yona bai ɗago ba. "Ticha ya zo da darasi. Alisabatu, kawo masa alli."

"Ba wasa nake yi ba. In ba ka faɗa ba, gonar nan ta tafi. Da ɗorawar da waɗanda ke ƙarƙashinta."

"Sai in ce an sace ɗana. Wannan gaskiya ce."

"Ka ce an sace shi, saboda haka ka dangwala, ba da son ranka ba."

"In tsaya in ce Kolo, yaron da na girmi ubansa, ya lanƙwasa ni?" Ya soka sanda a tsibin doya da ƙarfin da ya wuce bukata. "Ka manta ɗan waye kai."

Irimiya bai manta ba. Lokacin yaƙin Turawa aka yi ɗiban gwamna, aka ɗaure ubansu Gaiya da sauran samari aka kai su haƙar kuza a kan tsaunuka masu sanyi. Ya dawo da tarin da ya kashe shi a hankali. Amma har ya mutu, in aka tambaye shi, cewa yake shi ya tafi da ƙafarsa don ya ga duniya. Duk Garatu sun san da igiya aka ja shi, duk Garatu kuma suna girmama shi don bai taɓa faɗa ba. Daga nan maganar ta zama gadon gida, kamar yadda wasu ke gadon ƙira ko farauta. Ɗan gidan Gaiya in zazzaɓi ya kayar da shi, sai ya ce hutawa ya ga dama. In fari ya cinye masa dawa, sai ya ce dama bana doya yake sha'awa.

Alisabatu ta watsar da ɓawon gyaɗa. "Bar shi, Malam. Girman kai rawanin tsiya. Ranar da aka tafi da Gimba, wa na ji yana kuka a bayan rumbu? Ko akuya ce?"

"Hayaƙi ne ya shiga mini ido."

"A bayan rumbu? Wa ya hura wuta a can?"

Irimiya ya yi ta zarya tsakanin Fadikpe da Garatu har damina ta yi nisa. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo misalin annabawan da suka yi kuka a gaban sarakuna. A ƙarshe Yona ya ce, "To, na ji. Alƙali baƙo ne, gobe za a mayar da shi wani gari. In shi kaɗai ne da kai da matar nan mai dogon baki, zan faɗa. Sau ɗaya, kuma a hankali." Suka shirya ba za a gaya wa kowa ranar ba. Za su fito da sassafe kamar masu zuwa asibiti.

Ana saura kwana biyu, da rana tsaka, mota ta tsaya a ƙofar Irimiya. Kolo ne ya fito, ya cire hula, ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa.

"Ticha, ina wuni. Ba ka gane ni ba ko? Aji uku, layin baya, kusa da taga."

Irimiya ya gane shi sarai. Yaro ne mai shiru a lokacin, mai kallon mutane fiye da kallon allo.

"Har yanzu ina da tabon bulalarka," in ji Kolo, yana murmushi yana duba littattafan da ke jikin bango. "Ranar da na haɗa compel da persuade a jarrabawa. Ka ce wanda bai san bambancin tilastawa da shawo kai ba, jaki ne ko da ya sa taye. Wallahi Ticha tun ranar ban sake haɗa su ba. Ni ban taɓa tilasta wa kowa ba."

"Gimba fa?"

"Allah sarki, Gimba. Ya jikin nasa? A gaishe shi." Ya ɗauki wani littafi ya hure ƙurar ya mayar. "Na sha cin tuwo a gidanku, ka sani. Muna yara mukan zauna mu ji labarin Baba Gaiya. Irin mutanen nan sun ƙare. Jibi ne zaman ko? Zan aiko da mota, kada tsoho ya sha wahalar hanya."

"Muna da ƙafa."

"Ai na sani, Ticha. Gidan Gaiya da ƙafarsu suke zuwa ko'ina."

Bayan ya tafi, Irimiya ya zauna yana juya maganar. Ba a yi masa barazana ba, ba a ɗaga murya ba. Amma ƙamshin turaren Kolo ya ƙi barin ɗakin, kuma abincin da maƙwabciya ta aiko masa ya huce a rufe.

Ranar zaman kotu suka iso da wuri, su uku, suka zauna a benci a baranda. Yona ya sa rigar cocinsa, yana ta motsa leɓe kamar mai haddar aya. Mudi ya zo da baƙar rigarsa a hannu, ya ce komai lafiya. Gimba ya ƙi zuwa.

Sai ga wata doguwar bas ta shigo harabar, ta tsaya tana huci. Wata ta biyo ta.

Wanda ya fara saukowa surukin Yona ne, wan Alisabatu, mutumin da suka shekara arba'in suna gasar wanda doyarsa ta fi girma. Bayansa dattawan coci, sai limamin unguwar ƙasa da carbinsa, sai mazan 'ya'yan Yona mata, sai sa'o'insa da suka yi kaciya tare, sai mata da goyo, kowa riƙe da burodi da kwalbar lemo. Garatu ce gaba ɗaya aka kwaso, kyauta, zuwa da dawowa.

"Yona!" in ji surukin, yana ɗaga sanda. "Za ka yi shari'a da mai kuɗi ka ɓoye mana? Da ba don yaron nan Kolo mai kirki ba, da ba mu ji ba. Ya ce duk da rigimar da ke tsakaninku, bai kamata dattijo kamarka ya tsaya shi kaɗai ba. Mun zo mu ga ɗan Gaiya!"

Irimiya ya waiga. Ya dubi wansa. Leɓen Yona sun daina motsi, kafaɗunsa sun miƙe, ya ma ƙara tsawo. Irimiya ya kama hannun Mudi ya ja shi gefe.

"Ka nemi a ɗaga zaman."

"A kan me, Malam? In ce wa alƙali 'yan'uwan mai ƙara sun zo mara masa baya? Ai wannan alheri ne."

"Alheri ne, shi ya sa."

Kotun ta cika har tagogi. Kolo yana zaune a gaba, hannuwansa a kan cinya kamar mai jiran wa'azi. Yona ya shiga akwatin shaida ya rantse. Mudi ya bi da shi a hankali, tafinta yana juyawa. Yona ya ba da labarin Landirofa, ya ba da labarin takalmin Alisabatu. Da aka zo kan dangwala yatsa, Mudi ya ce, "Baba, da son ranka ka yi?" Yona ya dubi rufin kwano, ya ce wani abu can cikin maƙogwaro. Alƙali ya ce bai ji ba. Tafinta ya sunkuya, ya ce mai shaida ya ce lokacin akwai damuwa. Mudi ya sake gwadawa ta wata hanya, bai sami fiye da haka ba, ya zauna yana share goshi. Abin bai yi kyau ba, amma ƙarar ba ta mutu ba tukuna.

Lauyan Kolo ya miƙe. Dattijo ne mai furfura da taushin murya. Ya roƙi kotu ta bar shi ya yi wa Baba magana da Hausa kai tsaye, don girmamawa.

"Baba, sannu da ƙoƙari. An ce kai ne babban ɗan Gaiya na Garatu."

"Ni ne."

"Allah ya ji ƙan maza. Shi ne wanda aka ce gwamnati ta ɗaure da igiya kamar tunkiya ta kai shi haƙar kuza?"

"Ƙarya ne. Da ƙafarsa ya je."

Benci-benci suka amsa da gunaguni na yarda. Mudi ya miƙe ya ce wannan ba ya cikin shari'a. Lauyan ya ba da haƙuri, ya ce ya janye.

"To Baba, ka yafe mini, aiki ne. Lauyanka ya gaya wa kotu cewa wancan yaron da ke zaune ya tsorata ka. Wai hankalinka ya tashi, ka rasa ta cewa, ya kama hannunka ya yi yadda ya so da shi. Har an ce an ji kukanka a bayan rumbu. Ni dai na ce ban yarda ba, sai na ji daga bakinka. Ga mutanenka nan duk suna ji. Baba, yaron nan ya fi ƙarfinka ne? Dole ya yi maka?"

Irimiya ya dubi Alisabatu. Ta rufe baki da gefen zaninta. Zancen rumbu ita ta yi shi a bakin rijiya, tana neman a tausaya musu.

Kotun ta yi tsit, har ana jin wani jariri yana tsotso. Irimiya ya kafe wansa da ido, yana roƙonsa ba tare da murya ba. Yona bai dube shi ba. Surukinsa yake kallo, da mazan 'ya'yansa, da tsofaffin da suka ɗauki gawar Gaiya.

"Ba a haifi wanda zai yi mini dole ba," in ji shi, da muryar da ta kai har baranda. "Gonata ce. Na ga dama na bayar. Gobe in na ga dama in ba da wata."

Mutanen Garatu suka ɗauki sowa, surukin yana buga sanda a ƙasa, har sai da ɗan sandan kotu ya daka tsawa. Tafinta ya juya maganar zuwa Turanci. Irimiya ya saurara da kunnen tsohon malami, yana neman kuskure ko ɗaya da zai kama. Babu. Da ɗalibinsa ne, da ya ba shi maki cikakke.

Alƙali ya kori ƙarar. A baranda ana ta riƙe hannun Yona ana cewa jini ba ya ƙarya. Mudi ya wuce su ya yi tafiyarsa. Kolo ya tsaya gaban Irimiya ya sake cire hula.

"Ticha, na san akwai Mama a gindin ɗorawa. Sai bayan girbi za mu fara sa nakiya. Ba na so ƙarar ta dame ta. In kana so a ɗauke ta, akwai tifa da leburori, ba ko kwabo. In kuma ka fi so ta zauna, wallahi ba wanda zai matsa maka."

Bayan girbi katafila ta zo ta share gonar doya, ta tsaya taku kaɗan daga ɗorawar. Aka kafa jan tuta a kan dutsen. Kowace rana da azahar akan busa usur, sannan ƙasa ta girgiza, tsakuwa ta zubo kamar ƙanƙara. A mako na farko wani dutse mai girman tulu ya faɗo ya karya gicciyen Rifkatu. Ba wanda ya ce wa Irimiya komai. Leburorin ma gaishe shi suke da ladabi.

Bai karɓi tifar ba. Ya sa kafinta ya yi masa ƙaramin akwati, ya zo da diga da shebur, shi da Gimba suka fara haƙa da safe don su gama kafin usur. Yona bai fito ba, an ce yana hutawa. Mutane suka taru nesa kaɗan, maza sun cire huluna. Da digar ta taɓa ruɓaɓɓen katako, Irimiya ya karɓi shebur ya shiga ramin da kansa. Filin da ya auna wa kansa yana gefe, an riga an zuba masa tulin tsakuwa.

Matar fasto ce ta matso, tsohuwar ƙawar Rifkatu, idonta jawur.

"Kai, Malam, wannan abu da ciwo. Har matattu ba a bari ba. Sun sa ka dole ko?"

Ya ɗago. Duk suna kallonsa, surukin Yona da dattawan coci da matan da suka yi wa Rifkatu wanka. Kalmomin suna nan jere a kansa, na Turanci da na Hausa, kowace da ma'anarta da misalinta, kamar yadda ya sha rubuta su a allo. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Wa? Ni? Dama na daɗe ina so in dawo da ita kusa da ni a gari. Nan ya yi mata nisa."

Tsofaffin suka gyaɗa kai. Gimba ya dube shi sau ɗaya, ya ci gaba da kwashe ƙasa da hannu. A kan dutsen, wani mai jar hula ya duba agogonsa, ya ciro usur daga aljihu.